Bulala, lauje ko rajista: wanne ya dace da ɗalibin da ya yi latti?

Duk makarantar da ka leƙa a Arewa, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, za ka tarar akwai abin da aka tanadar wa 'yan latti. Abin da da wuya ka tarar shi ne ranar da malamai suka zauna suka zaɓe shi. Galibi gado ne. Firinsifal ya zo ya samu ana tare yara a bakin get ana ba su bibbiyu a tafin hannu, shi ma ya ɗora. Wata makarantar lauje ake miƙa wa yaro, wata tsallen kwaɗo, wata kuma ƙarfe takwas na bugawa maigadi zai ja ƙofa, kowa ya san inda dare ya yi masa. Shugaban makaranta ko malamin ladabtarwa ko ɗan kwamitin iyaye da malamai da ke son sauya tsari yana da hanyoyi kusan shida a gabansa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Laifin mai latti shi ne ya yi asarar karatu. To, hukuncin da za a yi masa minti nawa na karatun zai ƙara cinyewa? Kuma a kan wa yake sauka, mai laifin ko wani daban? Mu ɗauka darasi ɗaya minti 40 ne. Yaro ya makara da minti 10, aka tsare shi a bakin ƙofa har aka gama tattara sauran, aka yi layi, aka yi hukunci, ya shiga aji an fara darasi na biyu. Shi ya ci wa kansa minti 10, makaranta ta ci masa 30. Makarantu da yawa kuma Lissafi da Turanci suke sawa da sassafe, wato darussan da aka fi dubawa a takardar WAEC ko NECO wajen shiga jami'a.

Kafin a zaɓi hukunci sai an san waye ke makara. Yaron aji uku na firamare ba shi ke yanke lokacin da zai fito daga gida ba. Sai an sauke koko, sai an dawo daga ɗebo ruwa a burtsatse, sai malamin makarantar allo ya sallame su daga karatun asuba. Yarinya kuma a gidaje da yawa ba ta sa kayan makaranta sai ta yi wanke-wanke ta yi shara, wata sai ta kai tallan ƙosai ta dawo. Da damina akwai gona. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, ana jiran ruwan wanka ya yi zafi a murhu ɗaya da ake dafa karin kumallo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi, yaran da a da ake ba su kuɗin mota yanzu da yawansu sayyada suke takawa. Dukan irin waɗannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Amma akwai wani rukunin, kuma duk malamin babbar sakandare ya san su: saurayin da ya kai sha ɗayan dare a gidan kallon ƙwallo, ko ya kwana yana latsa waya, ko ya fito da wuri ya tsaya majalisa wajen mai shayi. Wannan lattinsa nasa ne. Tsarin da ya kasa bambanta waɗannan biyun ya faɗi tun kafin a fara.

Bulala

A ba ta haƙƙinta. Tana da sauri, ba ta buƙatar takarda ko katin waya, kuma iyaye da yawa sun yarda da ita. Uba zai kawo ɗansa ya ce, "Malam, ɗanka ne, in ya yi ba daidai ba ka zane shi." Malamin da ke fama da yara ɗari a aji ɗaya, babu isassun kujeru, ba zai rasa dalilin riƙe tsumagiya ba.

Ta fuskar doka, lamarin bai fito fili ɗaya ba. Sashe na 55 na kundin dokokin laifuka (Penal Code) da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya ce ba laifi ba ne malami ya hori yaron da aka damƙa masa wanda bai kai shekara 18 ba, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. A ɗaya ɓangaren, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 a sashe na 11 ta hana cutar da yaro a jiki ko a zuci, da duk wani horo na wulaƙanci. Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, Kano a 2023. Jihar Legas ta hana duka a makarantunta. A waje ma iskar can ta dosa: Afirka ta Kudu ta haramta a 1996, Kenya a 2001, hukumar ilimi ta Ghana a 2017. Ingila ta hana a makarantun gwamnati da dokar 1986, ta haɗa da na kuɗi da dokar 1998. Malamin da ya ɗaga bulala yau ya sani cewa kariyar da yake da ita ta yi sirara, kuma kowane aji akwai mai waya. Bulala ɗaya ta kauce ta sami ido, maganar ta bar ofishin firinsifal ta koma caji ofis.

Masu kafa hujja da addini su ma ya kamata su karanta hujjar har ƙarshe. Gaskiya ne hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a dake su a kanta suna da goma. Amma ga shekara uku cur na umarni da lallashi kafin a taɓa yaro, kuma a kan salla ake magana. Hadisi ya hana dukan fuska, ya hana wuce bulala goma in ba a haddi ba. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, Anas ɗan Malik kuma ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun ƙuntata abin sosai. Ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, ya kayyade wa malamin yara bulala uku, ƙari sai da izinin uba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ce tsanantawa ɗalibi tana kashe masa zuciya, ta koya masa kasala da ƙarya da yaudara, saboda yana ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannu. Ɗorawa yaro goma sha biyu a gadon baya saboda ya makara ba ta da gurbi a cikin wannan ƙa'ida.

Babbar matsalarta a kan latti dai ba doka ba ce. Yaron da ya duba rana ya ga ya makara, ya san abin da ke jiran sa a get, lissafi zai yi. In ya je akwai duka, in bai je ba babu mai tambaya, tunda a makarantu da yawa ba a bibiyar wanda bai zo ba. Sai ya lafe a wani kango ko bakin kasuwa da jakarsa, in an tashi ya bi sahun 'yan uwansa ya koma gida kamar daga aji yake. An tashi gyaran latti an haifi fashi, gyaran gangar Auzinawa kenan. Waɗanda suka daure suke zuwa kuma sukan saba. Wando biyu, ko littafin rubutu a cusa a baya, a karɓi huɗu ana murmushi, a shiga aji ana yi wa abokai burga. Duba layin 'yan latti ranar Litinin, ka sake dubawa ranar Alhamis: in fuskokin ba su sauya ba, bulalar ta zama kuɗin shiga da ake biya kowace safiya.

Tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana, waɗanda wasu ke ɗauka sassauci ne, a ganina sun fi bulala biyu a tafin hannu haɗari. Babu mai auna su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar sikila, kuma malamin da ke tsaye a get bai san wanne ne mai ita ba. Gajiya mai tsanani da ƙishirwa a zafin watan Afrilu suna iya tayar wa irin wannan yaro da ciwo. Haka mai asma, haka yarinyar da ke cikin al'adarta wadda kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Aikin horo: shara, ciyawa, ban-ɗaki

Wannan ne mafakar makarantun da suka ajiye bulala. Amfaninsa a fili yake: harabar makaranta ta yi tsaf, kuma babu tabo a jikin kowa. Sai dai a ma'aunin lokaci yana cikin hukunce-hukuncen da suka fi ɓarna idan ana yin sa da safe. An yanka wa yaro fili an ce ya nome, ya kai ƙarfe goma yana fama, ya shigo aji jiƙe da gumi, hannu duk kanta, ko alƙalami ba ya iya riƙewa da kyau. Akwai kuma abin da malamai ba su cika lura da shi ba: ga yaron da ke tsoron malamin Lissafi, ko bai yi aikin gida ba, lauje hutu ne. Yana waje da abokansa, ana hira ana dariya. Wasu da gangan suke makara ranar da suka san akwai gwaji.

Idan aka matsar da shi zuwa hutun tara ko minti 15 bayan tashi, aka kuma ƙayyade shi, sai ya zama hukunci mai ma'ana. Tsintar leda, share aji, goge allo, jera kujeru. Ciyawa mai tsawo da damina a bar wa manya, saboda maciji. Mai tari ko asma kada a sa shi shara cikin ƙurar hunturu. Gonar malam da gidan malam kuwa ba sa cikin lissafi ko kaɗan. Wannan cin gumin yara ne, kuma da zarar ɗalibai sun gane ana amfana da lattinsu, martabar hukuncin ta zube.

Rufe get da cin tara

A makarantar kuɗi ta cikin birni, inda uba ko direba ke kawo yara a mota, rufe ƙofa yana aiki, domin hukuncin a kan babba yake sauka. Uban da ya juya da yara sau biyu ya makara a wurin aiki, ran na uku da wuri zai fito. A makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo kuwa, inda yaro ya tako kilomita biyu ko uku shi kaɗai, rufe ƙofa tura shi titi ne na tsawon sa'o'i biyar ko shida, iyaye na zaton yana aji, makaranta na zaton yana gida. Ga 'yan mata wannan ba abin wasa ba ne. Shi ne mafi muni cikin duka hanyoyin.

Cin tara ma ba sai an daɗe a kansa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, don haka karɓar kuɗi a get ɗin firamare ko ƙaramar sakandaren gwamnati ya saɓa mata. Ɗan mai hali zai sayi lattinsa, ɗan talaka ya ba da kuɗin karin kumallonsa ko ya zari na mahaifiyarsa. Kuɗin da ba a yanka masa rasit kuma kowa ya san ƙarshensa. Cewa a kawo tsintsiya ko sabulu ma tarar ce, sunan kawai aka sauya.

Tsarewa

Tsarewa, wato riƙe ɗalibi a aji bayan tashi ko lokacin hutu, ita ce hanyar da makarantun Ingila da Amurka suka fi dogaro da ita, kuma makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da Abuja suna kwaikwayo. Hikimarta mai kyau ce: ka ci lokacin makaranta, makaranta ta ci naka, karatu bai taɓu ba. A Ingila doka ce ta ba malamai wannan iko, kuma tun dokar ilimi ta 2011 ba dole ba ne a ba iyaye sanarwar sa'a 24 kafin a tsare ɗalibi bayan tashi. Duk da haka ƙa'idarsu ta ce a duba ko yaron zai iya komawa gida lafiya, in kuma lokacin cin abinci aka tsare shi a bar masa damar ci da sha da zagayawa.

Kafin a kwaso ta ɗungurungum, a duba yadda ranar yaronmu take. Ana tashi wajen ɗaya da rabi ko biyu. Ya isa gida, ya yi Azahar, ya ci abinci, ƙarfe huɗu yana Islamiyya. Ka riƙe shi awa ɗaya, ka sa ya makara a can, inda wata bulalar ke jiran sa. Yara da yawa ɗan Adaidaita ɗaya ne ke kwasar su bisa yarjejeniyar wata, ba zai jira mutum ɗaya ba. 'Yan mata a ayari suke tafiya, wadda aka tsare ita kaɗai za ta ratsa lungu. A yankunan da suka ga yadda aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu uban da zai yarda 'yarsa ta yi jinkirin dawowa ba tare da ya sani ba, kuma yana da gaskiya. Makarantun da ke da 'yan safe da 'yan rana ba su ma da ajin da za a zauna, domin ana fita wasu ke shiga. Sannan tsare ɗalibi tsare malami ne. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana da shago ko gona ko darasin yamma da ke jiran sa, sati biyu zai yi ya gaji, tsarin ya mutu.

Abin da ke iya rayuwa a wurinmu shi ne tsarewa lokacin hutun tara. Mai latti ya wuce aji kai tsaye da safe. In an buga ƙararrawar hutu, abokansa su fita, shi ya zauna minti 10 ko 15 a aji ɗaya da aka ware, ƙarƙashin malamin da ke kan aiki a satin, sannan a sake shi ya ci abinci ya zagaya. Ga yaro ɗan shekara goma sha uku, jin ihun 'yan ƙwallo ta taga yana zaune ya fi bulala biyu ciwo, kuma ba a saba da shi da sauri. Abin da zai yi a zaune shi ne kwafe darasin da ya wuce shi ko amsa tambayoyi uku a kansa. Rubuta "ba zan ƙara ba" sau ɗari biyu ɓarnar takarda ce, kuma tana koya wa yaro cewa rubutu azaba ne.

Rajista da kiran iyaye

Wannan ce mafi jinkiri, mafi gajiyarwa, kuma ita kaɗai ce ke taɓa tushen matsalar. Littafi ɗaya a bakin get: suna, aji, lokacin isowa, dalili a kalma biyu. Ba a tsayawa dogon bincike, minti ɗaya ya isa. Ranar Juma'a malamin aji ya duba. Cikin sati uku littafin zai fara magana. Wannan yarinyar ranar kasuwar garin kaɗai take makara. Waɗannan samarin huɗu sai safiyar Laraba da Alhamis, bayan wasannin Turai na dare. Yara goma sha biyu daga unguwa ɗaya ne, ta hayin rafi, kuma sai ranar da aka yi ruwa. Bulala ba za ta taɓa gaya maka wannan ba.

Daga nan sai a bi mataki. Karo na farko da na biyu a sati, magana ce tsakanin yaro da malamin ajinsa, a gefe, ba a gaban jama'a ba. Na uku, tsarewar hutun tara. In abin ya zarce zuwa sati na biyu, a kira gida. Yadda ake kiran ma yana da muhimmanci. Idan malam ya buɗe da "Alhaji, ɗanka ya ishe mu," abu biyu ne za su faru: ko uban ya yi wa yaron dukan da ya fi na makaranta, ko ya harzuƙa ya ce a bar masa ɗansa. Idan yarinya ce, akwai gidajen da ke neman dalili kaɗan su cire ta gaba ɗaya. Gara a ce, "Baba, yarinyar nan tana da ƙoƙari, sai dai darasin farko yana wuce ta. Ko akwai yadda za a yi a rage mata aikin safe, ko a matsar da tallan zuwa yamma?" Uwa ce galibi ke riƙe da ragamar safiyar gida, don haka malama mace ko wata daga cikin iyaye mata na kwamitin makaranta ta fi dacewa da ta shiga gidan. In matsalar ta unguwa ce gaba ɗaya, kamar karatun allo da ke kaiwa takwas saura, mai unguwa da liman da malamin allon za a zauna da su, a nemi ya riƙa sallamar 'yan boko da wuri. Yawanci ba sa ƙi in an zo musu da girmamawa.

Rauninta shi ne tana buƙatar mutum mai naci. Littafin da aka cika sati biyu aka watsar ya fi babu muni, domin yara sun gane barazana ce kawai. Tana buƙatar katin waya, wanda ya kamata ya fito daga asusun kwamitin iyaye da malamai, ba aljihun malamin aji ba. Kuma ba ta da wannan gamsuwar nan take da mai bulala ke ji cewa ya yi wani abu.

Cikin aji

Surutu da rashin ji a cikin aji wani babi ne daban, kuskure ne a yi musu magani ɗaya da latti. A nan laifin na yaron ne kai tsaye, kuma yana cutar da wasu. Hanyar da aka fi sabawa ita ce monita ya rubuta sunan masu surutu. Duk wanda ya yi firamare ya san yadda wannan ke ƙarewa: abokin monita ba ya shiga takarda, wanda ya hana shi gyaɗa ya shiga sau uku. Dukan aji gaba ɗaya saboda an rasa mai laifi yana koya wa mai natsuwa cewa natsuwarsa ba ta da amfani. Korar yaro waje tana sauƙaƙa wa malami, amma mun koma gidan jiya, an hukunta shi da rashin karatu. A ajiye ta sai ga wanda ya hana darasi tafiya ƙwata-ƙwata, kuma a tura shi ofis, ba bakin taga ba. Zagi kuwa, "daƙiƙi", "jaki", ko ambaton iyaye, ya fi tsumagiya daɗewa a jiki. Akwai manya masu furfura da har yau suna tuna sunan da wani malami ya laƙaba musu a aji huɗu.

Malaman da ajinsu ke tsit ba tare da bulala ba, in ka zauna ka kalle su, ƙananan abubuwa suke yi. Sun san sunan yara. Ba sa manne wa allo, suna ratsa layi har baya. Suna raba abokan surutu, su dawo da jagoran gaba kusa da tebur. Suna jefa tambaya ga wanda hankalinsa ya fara tafiya. Mai yawan motsi su ba shi aiki, rabon littattafai ko goge allo. In za su yi faɗa, su ce "ka same ni bayan darasi", domin saurayi ɗan aji biyar na sakandare zai iya jure komai ban da a kunyata shi gaban 'yan ajinsu. Kuma in sun ce za su yi abu, suna yi. Mafi yawan hayaniyar da ake ji a makarantu ma daga ajin da babu malami take fitowa. Wannan ya kawo maganar da ba a son ji a ɗakin malamai: makarantar da malamanta ke isowa takwas da rabi, suna sa hannu a rajista su rubuta bakwai da rabi, babu tsarin da zai yi mata aiki. Yara suna gani. Malamin da ya faka babur ɗinsa a makare ya karɓi bulala ya tare 'yan latti, darasin da ya koyar shi ne girma ke halatta laifi.

Idan ni aka tambaya, firamare ta tsaya kan rajista da zuwa gida kawai, babu hukunci a kan yaro sai in an tabbatar wasa ya tsaya yi a hanya. Sakandaren jeka-ka-dawo ta haɗa rajista da tsarewar hutun tara, da ɗan aikin tsafta bayan tashi ga wanda ya maimaita, ƙofa kuma a bar ta a buɗe ga duk wanda ya zo, ko ƙarfe tara ne. Makarantar kuɗi mai iyaye masu mota tana iya rufe get, da sharaɗin kada a juya yaron da ya zo shi kaɗai. Makarantar kwana ce kaɗai tsarewar yamma ko ta ranar Asabar ta dace da ita sosai, tunda babu hanya babu Islamiyyar unguwa, kuma lattin ɗan kwana daga ɗakin kwana zuwa aji nasa ne shi kaɗai.

Akwai makarantun da iyaye da malamai ba za su yarda a ajiye bulala gaba ɗaya ba a yanzu. In haka ne, a fitar da ita daga get da aji a mayar da ita ofis. Shugaban makaranta ko wanda ya wakilta ne kaɗai zai riƙe ta, a rubuta suna da laifi da adadi a littafi, kada ta wuce uku, kada ta kusanci fuska ko kai, mace ce za ta hori mace, kuma ba a yi cikin fushi. A keɓe ta ga manyan laifuka irin su cin zalin ƙanana, ban da latti, ban da faɗuwa jarrabawa. Firifet da manyan ɗalibai kuwa a karɓe ta daga hannunsu tun ranar farko ta zango, musamman a makarantun kwana, inda mafi munin duka ke faruwa da daddare bayan malamai sun tafi gidajensu. A sanar da sabon tsarin a taron iyaye, a karanta shi a asambali, a liƙa shi a bakin get. Ƙarshen zango a ɗauko littafin a ƙirga sunayen satin farko da na satin ƙarshe, a haɗa da rajistar masu fashi, domin raguwar 'yan latti ba nasara ba ce in masu ƙin zuwa ne suka ƙaru.